Bashi ya fi ƙarfin dukiyata: in fara sallamar Inna kafin masu kaya su ji?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Shekara 11 ina sayar da shinkafa, taliya da man girki a kasuwar Dole, nan Damagaram. Tun da aka rufe iyaka a 2023 jarina ya fara zubewa, na riƙa cin bashi nan ina toshe can, ina cewa gobe za ta yi kyau. Jiya na zauna na yi lissafi: ana bina miliyan 7 na sefa. Mai kayana na Maraɗi miliyan 2 da jika 800, na Kano miliyan 1 da rabi, wani asusun ba da rance miliyan 1. Saura na gida ne: Inna jika 700, Yayata jika 500, aminina jika 500. Kayan kanti da babur da wani fili da nake da shi duka ba su wuce miliyan 2 da jika 800 ba.

Na Inna ne ke hana ni barci. Tumakinta ta sayar ta ba ni, ko tambayata ba ta yi ba. Tunanina in sayar da filin a ɓoye, in biya su ukun nan, sannan in kira masu kaya in ce na karye. Ya halatta? Kuma hukuma za ta iya taɓa ni?

Wani ɗan uwa daga Zango:
Wa alaikumus salam. Wannan har sai ka tambaya? Biya mahaifiyarka yau. Alhazan nan sun ci riba da kai shekara da shekaru, asarar nan ba za ta hana su cin tuwo ba. Tsohuwa kuwa ba ta da wasu tumakin.

Wani mai ba da kaya sari:
Ɗan uwa na Zango, kai ba ka taɓa ba da kaya bashi ba. Mu ma da ake gani da manyan riguna, kayan mutane ne a hannunmu, idan ƙaramin kanti ya faɗi har Kwatano ake jin ƙararsa. Malam mai tambaya, duba lissafinka da kanka. Idan aka raba abin da ke hannunka daidai, kowace jika 100 za ta samu 40. Idan ka fara cire miliyan 1 da jika 700 na gida, mu za mu tashi da kusan 20. Ka ɗauki rabin haƙƙinmu ke nan ka kai gidanku. Kuma fili ba ya sayuwa a ɓoye a garin nan. Dillali zai sani, shaidu za su sani, mai unguwa zai sani, kafin sati labari ya isa Maraɗi. Wanda ya zo ya ce mini na karye, ga abin da ya rage, na sha yafe masa saura har in sake ba shi kaya. Wanda ya yi mini dabara, ko ɗansa ba na ba wa.

Wani malami daga Birni:
Allah Ya yaye maka, ɗana. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, masu binsa suna da ikon hana shi yin kyauta, da biyan bashin da lokacinsa bai yi ba, da miƙa duk abin da ke hannunsa ga mutum ɗaya. Kafin alƙali ya ɗaure masa hannu, an yi masa sauƙi ya biya wani daga cikinsu bashin da lokacinsa ya yi da wani ɓangare na dukiyar. Amma kai ka riga ka san ka faɗi, niyyarka kuma ka tsere da kuɗin kafin su farga, ka ga zuciyarka ma ta ba ka amsa tunda ka ce a ɓoye.

Ga wani abu da mutane ba su sani ba: mai irin halinka idan ya ce mahaifiyarsa ko matarsa ko amininsa na binsa, ba a karɓar bakinsa shi kaɗai, domin wurin zargi ne. Akwai shaidu lokacin da Inna ta ba ka? Nemo su tun yanzu. Don irin wannan ranar Allah Ya ce a rubuta bashi, a aya ta 282 ta Baƙara, mu kuma muna jin kunyar rubutu tsakanin ƴan uwa.

Sannan kuɗin aminin naka, rance ne ko jari? Kuma cikin kayan kantin akwai na wani da ko buɗewa ba ka yi ba? Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya tarar da kayansa suna nan yadda suke a hannun wanda ya karye, shi ya fi cancanta da su.

Mai tambaya:
Allah gafarta Malam, a gaban kawuna biyu Inna ta ba ni. Na aminina jari ne, sau biyu muna raba riba. Akwai jarka 30 na mai na Alhajin Maraɗi, ba a taɓa su ba.

Malamin Birni:
To jari ba bashi ba ne. Idan ba sakaci ko ha'inci ka yi ba, asara kan mai dukiya take faɗawa, kai kuma wahalarka ta tafi a banza. Ku zauna da wani malami kusa da ku ya duba yadda kuka ƙulla tun farko. Man kuwa ka ajiye wa mai shi. Ciyar da Inna kuma daban yake da bashinta, ko an raba dukiyarka ana bar maka abin ci da kai da waɗanda ke wuyanka.

Wata mai aikin shari'a:
Ta ɓangaren hukuma, Nijar na cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, wato ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, dokar karyewar ɗan kasuwa kuma an sabunta ta a 2015. Wanda ya kasa biyan bashin da lokacinsa ya yi da kuɗin da ke hannunsa yana da kwana 30 ya sanar da kotu. Alƙali na iya mayar da ranar da ka kasa biya baya, har wata 18. Kyautar da ka yi a tsakanin nan, ko bashin da ka biya kafin lokacinsa, ba sa tsayawa a gaban sauran masu binka. Ko wanda lokacinsa ya yi, idan mai karɓa ya san halin da kake ciki, ana iya cewa ya dawo da shi. Fifita wani bayan ka san ka kasa kuma laifi ne da ake hukuntawa. Na san yawancin ƴan kasuwarmu ba sa kaiwa nan, a gaban dattawan kasuwa ko a fada ake sulhu, amma mai asusun rance yana da takarda kuma ya san hanyar kotu. Duba ko ka jinginar masa da takardar filin, in haka ne ba ma naka ba ne ka sayar yadda ka so. Duk sulhun da kuka yi a rubuta, kowa ya sa hannu.

Wata uwa daga Garin Malam:
Ɗana, kowa na maganar Inna, ba wanda ya ce ka je ka tambaye ta. Ni na haifa, na sani. Da a kira ni gaban alƙali a ce in maido kuɗin da ɗana ya ɓoye a ɗakina, gara tumakin su tafi. Je ka durƙusa ka faɗa mata gaskiya kafin ta ji a bakin mata wurin biki. Jika 280 ɗinta ta karɓa tare da kowa, saura jika 420 ka riƙa kai mata kaɗan kaɗan in Allah Ya buɗa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka. Takardar filin tana hannuna, ban jinginar ba. Na je wurin Inna bayan isha'i, ta yi shiru, sannan ta ce in kira kawu. Ranar Asabar za mu zauna a zauren wani dattijon kasuwa, na Maraɗi ya ce zai zo da kansa, na Kano zai turo yaronsa. Aminina ne har yanzu bai ɗauki wayata ba tun da na ambaci maganar jari. Wanda ya taɓa shiga irin wannan da abokinsa, ya faɗa mini ta inda ya ɓullo masa.