Na tare a tsohon gida, fentin da na yi da hannuna ya ɓare: ta ina zan kama?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Bayan shekara 11 ina gidan haya, Allah ya nufa na sayi gida a Badarawa, nan Kaduna, muka tare bayan ƙaramar sallah. Tsohon gida ne, dattawan layin sun ce zamanin Shagari aka gina shi, kun ga ya haura shekara 40. Ciki uku ne da falo, sai ɗan tsakar gida mai bishiyar mangwaro. Kuɗin hannuna duk sun ƙare a saye, shi ya sa na ce gyaran ni zan riƙa yi da kaina ranakun Asabar da Lahadi, ni da ƙanina.

Farkon abin da na yi shi ne fenti, don uwargida ta ce ba za ta karɓi 'yan ganin gida a bango mai dauɗa ba. Ya yi kyau kuwa, har hoto muka ɗauka. Ruwan Agusta na sauka, bangon falo da ya juya wa lungu baya ya fara kumbura daga ƙasa zuwa daidai gwiwa. In ka sa farce sai fentin ya biyo ka kamar ɓawon albasa, a ƙarƙashinsa wani farin gari kamar kanwa. Da na janye kujera na tarar bayanta ya yi funfuna. A ɗakin yara silin ya yi taswira, ɗaya daga cikin allunan har ya yi ciki. Dokin ƙofar kicin kuwa da na ƙwanƙwasa sai yatsana ya shige, ashe gara ta cinye cikinsa. Ga tsaga da ta taso daga kusurwar tagar falo ta yi sama a karkace, ga soket ɗin kicin yana warin ƙonewa duk lokacin da aka jona dutsen guga.

Abin da na yanke shi ne in manna tayil a bangon zuwa ƙugu in huta, in ɓalle tsohon silin da kaina in sa na roba, sannan in rushe bangon da ke tsakanin falo da ƙaramin ɗaki don falon ya yi faɗi, kamar yadda uwargida take so. Kafin in sake zubar da kuɗi: me zan fara, kuma wanne ne ya fi ƙarfin mutum irina, malamin makaranta da bai taɓa riƙe cokalin gini ba?

Wata 'yar'uwa daga Malali: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa gidan zama ne. Ko da ɗigon ruwa, naka naka ne, Malam.

Dattijo magini, Tudun Wada: Ɗana, Allah ya sa albarka. Tun kafin a haife ka nake wannan sana'a, to ka saurare ni. Ka fara daga inda ake ƙarewa. Fenti riga ce, kai kuma ka sa wa mara lafiya sabuwar riga. Ciwon gidanka ruwa ne, ta sama da ta ƙasa, kuma garar ma danshin ne ya gayyato ta.

Gobe da safe ka zagaya bayan bangon nan ka tsaya a lungu. Ka duba, ƙasar waje da daɓen falonka wanne ya fi tudu? Tsofaffin gidajen unguwannin nan yawancinsu an gina su ƙasa tana can ƙasa, shekara da shekaru ana zuba jar ƙasa da ɓaraguzai a lungu don maganin taɓo, har waje ya zo daidai da ciki ko ya fi shi. Ƙa'ida ita ce daɓen ɗaki ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci 6. In ta haye, bulo zai yi ta shan ruwa kamar soso, ruwan ya hau da gishirin ƙasa, ya bushe ya bar maka farin garin da ka gani. Irin wannan danshi ba kasafai yake wuce mita 1 ba, shi ya sa ya tsaya maka a gwiwa.

Wannan aikin naka ne, ba ka buƙatar kowa: diga da shebur da baro. Ka kwashe ƙasar da ta jingina da bango, amma kada ka zurfafa har ka tone tushen gini. Ka yi siririn daɓe a gindin bangon mai gangara zuwa waje, ka buɗe wa ruwa hanya zuwa lambatu. Ka kuma duba inda ruwan kwano yake zuba, in a gindin bangon yake dukan ƙasa, a sa masa indararo.

Ta ciki kuma, ka ƙwanƙwasa filasta da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙarar ganga ya rabu da bulo, ka sassaƙe shi har ka wuce iyakar danshin da kamar taƙi biyu. Sai ka bar bangon tsirara, kada ka taɓa shi har hunturu ya busa shi. Wajen Disamba ko Janairu a yi sabon filasta.

Wani ɗan'uwa daga Rigasa: Baba, da girmanka, wannan hanyar ta yi tsawo. Mutum da iyali zai zauna wata uku da bango a sassaƙe? Ni tayil na sa a nawa, shekara biyu ke nan shiru kake ji. Malam, sa tayil ɗinka ka huta.

Uwar 'yan biyu, Unguwar Dosa: Yaya na Rigasa, ka ƙara jira. Mu ma haka muka yi a gidanmu. Tayil ɗin ya hana danshin fita, sai ya haura ya ɓullo ta samansa, fentin da ke daidai kafaɗa ya fara ɓarewa. Daga baya wasu suka saki, wata rana da asuba muka ji tas a ƙasa, Allah ya tsare ba yaro a wurin. Mun biya kuɗin sawa, mun biya na cirewa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Dattijo magini, Tudun Wada: Hajiya ta gama magana. Ɗana na Rigasa, wataƙila naka feshin ruwan sama ne kawai yake dukan bango, ba daga ƙasa yake sha ba. Mai tambaya, in kana so ka tabbatar, ka manna leda mai faɗin littafi a bangon, ka like gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ga gumi ta cikin ledar, daga bangon ruwan yake fitowa.

Filasta za ka iya koya a bangon bayan gida inda ba mai gani. Buhun siminti kilo 50 ne, kwanon sarki biyu ke nan. Ka haɗa shi da kwano 8 zuwa 10 na yashi mai laushi wanda aka tankaɗe, ba mai ƙasa ba. Ka jiƙa bulon kafin ka maka. Abin da ke kashe aikin mutane a hunturu shi ne rashin ban ruwa: iska tana shanye shi kafin ya kama, ya yi ta tsattsagewa. Safe da yamma ka yayyafa masa ruwa har kwana 7, sannan ka ba shi kamar sati huɗu kafin fenti. Kuma na ruwa za ka shafa, ba na mai ba, don bangon ya riƙa numfashi.

Tsagar taga kuwa kada ka cike ta yanzu. Ka ja layi da fensir a ƙarshenta, ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta. In bayan wata biyu tana nan yadda take, tsohuwa ce, sai a buɗe ta kaɗan a cike. In tana tafiya, ka kira injiniya. Mangwaron nan ma taku nawa ne tsakaninsa da bangon?

Mai wayarin daga Kawo: Malam, ni abin da ya tayar min da hankali soket ɗin nan ne. Danshi zai jira ka, wuta ba ta jira. Yau ɗin nan a daina jona komai a wurin, ka kashe layinsa daga akwatin fis. Gidajen wancan zamani an yi musu waya ne don ƙwan fitila da fanka da rediyo, ba don firji da hita da dutsen guga ba. Fitilu waya mai kauri 1.5 ake sa musu, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita 4. Sau da yawa in na buɗe tsohon gida sai in tarar an ja soket da wayar fitila, an yi jone-jone a cikin silin an naɗe da leda, ɓera ya ci rabi, kuma babu wayar ƙasa ko ɗaya. Yanzu ka haɗa wannan da rufin da ke yoyo a kai.

Canza ƙwan fitila da murfin makunni, bismillah. Abin da ya wuce nan ka nemo wanda ya iya. Kuma a yi shi kafin filasta, in ba haka ba zan zo in fasa maka sabon bango in binne bututu, ka tsine min.

Ma'aikaciyar jinya, Unguwar Rimi: Ƙanena, silin nan murabba'i ne, fari-fari mai tauri kamar faranti? In haka ne mai yiwuwa na asbestos ne, da shi aka yi gidaje da yawa a shekarun 1970 da 1980. In yana zaune lafiya ba ya cutarwa. Amma in aka fasa shi ko aka yanka da zarto, ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekara 20 ko fiye, har da kansar huhu. Don Allah kada ka hau da guduma. A fitar da yara da kayan ɗakin, a jiƙa allon da ruwa, a zare ƙusoshi a sauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda. Takunkumin ƙyalle ba ya tare wannan ƙurar. Kuma kada a yi shara da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma a zubar da shi.

Haka tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi, da yawa akwai dalma a ciki. Kowa ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ce. Kada ka kankare shi a bushe yara suna rarrafe a wurin.

Kafinta, Panteka: Malam, yoyon tsohon kwano galibi daga bakin ƙusa ne, ko inda aka haɗa kwano biyu. Da rana tsaka a leƙa cikin silin, duk inda ka hango haske kamar tauraro, huda ce. Amma kada ka taka saman kwanon nan ba ka san lafiyar katakon ba. Garar da ta ci dokin ƙofa ba a nan ta tsaya ba. A bi hanyarta ta ƙasa da take ginawa a jikin bango har a gano inda take fitowa. Katakon da ya ruɓe a canza, sabon a shafe shi da maganin gara na Solignum kafin a ɗora. Dokin ƙofar kuma ka sa na ƙarfe, ana haɗawa a nan Panteka daidai awonka.

Wani ɗan'uwa daga Barnawa: Batun rushe bango ba wanda ya taɓa. A gaya wa uwargida ta yi haƙuri tukuna. In bulo mai inci 9 ne, ko katakon rufi a kansa ya zauna, to yana ɗauke da kaya, cire shi sai an zuba bim da rodi. Mai inci 6 ma ba a yanke masa hukunci da ido, balle a gidan da ke da tsaga. Sannan ka leƙa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ka tambaya kafin ka canza fasalin gini, ka kuma tabbatar takardunka sun koma sunanka a KADGIS, hukumar takardun filaye, kafin ka narka kuɗi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na zagaya lungun bayan sallar asuba da tef a hannu. Ƙasar waje ta fi daɓen falona tudu da kusan inci 4, kuma ruwan wankin maƙwabcina a gindin bangon yake kwanciya, har gansakuka ta fito. Mangwaron taku uku ne daga tagar. Na kashe layin kicin, guga ta koma ta gawayi, ana ta yi min tsiya a gida. Yara sun koma ɗakinmu. Maganar bango na karanta wa uwargida, ta ce ita ma a sa ta a zauren nan ta kare kanta.

Asabar za mu fara kwashe ƙasa ni da ƙanina. Sai dai lungun na mutum huɗu ne, kuma maƙwabcin nan dattijo ne, shi ya ja mu sallar magariba ranar da muka tare. Baba, in fara yi masa maganar ruwan wankin ni kaɗai, ko in bi ta wajen mai unguwa?

Dattijo magini, Tudun Wada: Mai unguwa tun yanzu? A'a. Ka sayi bututu tsayi ɗaya da kuɗinka, ka same shi bayan la'asar ka ce kana so ka gyara masa rariya. Mangwaron kuma bar shi tukuna, mu ga abin da fensir zai ce.