"Ilimi gishirin zaman duniya": har da ilimin da ya ƙera jirgin yaƙi?

Malam Sabi'u, Zariya: Assalamu alaikum. Jiya da daddare ɗiyata ta kawo aikin makaranta, an ce ta fayyace "ilimi gishirin zaman duniya". Na ce mata zama ba ilimi kamar miya ce lami, za ka ci amma ba daɗi. Muna cikin haka rediyo na ba da labarin Gaza da jirage marasa matuƙa, sai ta ce, "Baba, waɗanda suka ƙera jirgin ba masu ilimi ba ne?" Wallahi na rasa ta cewa. Shi ne na kawo muku.

Hajiya Rabi, Maraɗi: Wa alaikumus salam. Malam, yarinya ta haɗa abin da magabata ba su haɗa ba. Da suka ce ilimi, sanin ya kamata suke nufi, sanin Allah da haƙƙin maƙwabci. Wanda ya iya ƙira maƙeri ne, sana'a gare shi. Kuma ku tuna lokacin da aka yi maganar gishiri ba abin banza ba ne, ayarin raƙuma ke ɗauko kantu daga Bilma su keto sahara da shi. Abu mai daraja suka kwatanta da abu mai daraja.

Injiniya Auwal, Kaduna: Hajiya, ki yi min afuwa, amma in muka ce duk ilimin da ya yi ɓarna ba ilimi ba ne, mun gudu daga tambayar yarinyar ke nan. Ga mutum guda. Fritz Haber, Bajamushe ne ɗan asalin Yahudawa, shi ya gano hanyar janyo sinadarin naitirojin daga iska a yi amoniya. Buhun yuriya da ake watsa wa masara a gonakinmu daga aikinsa ya samo asali, har kyautar Nobel ta 1918 aka ba shi. Shi ɗin dai ya jagoranci sakin iskar guba ta kulorin a kan sojoji a Ypres, ƙasar Beljiyam, ranar 22 ga Afrilu 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba a yi sati biyu ba matarsa Clara, wadda ita ma masaniyar sinadarai ce, ta harbe kanta. Kin san daga ina ake samo kulorin? Daga gishiri. Ruwan gishiri ake bi da lantarki a raba shi.

Hajiya Rabi, Maraɗi: Innalillahi. To amma ina ruwan wannan da Falasɗinu?

Injiniya Auwal, Kaduna: Zuwa nake. A wancan ɓangaren yaƙin, a Ingila, akwai Chaim Weizmann, malamin sinadarai a jami'ar Manchester. Turawan Ingila sun rasa sinadarin asiton na haɗa albarushi, shi kuma ya samo ƙwayar halitta da ke ruɓar da masara ta fitar da shi. Wannan ya buɗe masa ƙofofin manya a Landan. Ranar 2 ga Nuwamba 1917 Balfour, ministan harkokin wajen Ingila, ya rubuta wasiƙar alkawarin kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, alhali kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar Larabawa ne, wasiƙar ko sunansu ba ta kira ba. A 1948 kimanin Falasɗinawa 700,000 suka rasa gidajensu, a 1949 Weizmann ya zama shugaban Isra'ila na farko. Shi kuwa Haber, da Hitila ya hau mulki a 1933 duk hidimar da ya yi wa Jamus ba ta fisshe shi ba. Weizmann ne ya gayyace shi cibiyar bincike a Rehovot, a Falasɗinu ta wancan lokacin, amma Haber ya mutu a Basel, ƙasar Suwizalan, a Janairun 1934 bai kai ba.

Ɗan Borno: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Malama Zulai, Kano: Injiniya, gyara kaɗan. Batun cewa alkawarin Balfour tukwicin asiton ne, Lloyd George, firaministan Ingila na lokacin, shi ne ya yaɗa shi daga baya, masana tarihi da yawa ba su yarda ba. Ingila na da lissafinta, tana hangen mashigin Suwez da rabon ƙasashen daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ni a ganina masanin kimiyya bafade ne, sarki ke yanke hukunci.

Injiniya Auwal, Kaduna: Na karɓi gyara, Malama, shi ya sa na ce ƙofa ya buɗe masa. Amma kin ba ni sanda da kanki. Ba mu ne ke cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade ba? A Afrilun 2024 mujallar +972 ta Isra'ila ta ruwaito daga bakin jami'an leƙen asiri cewa wata manhaja mai suna Lavender ta zana sunayen mutanen Gaza har kimanin 37,000 a matsayin abin hari, jami'i na duba suna cikin daƙiƙu kaɗan ya sa hannu. Rundunar sojin ta musanta. In ya tabbata, wanda ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta manhajar zai ce shi dai gishiri ya zuba, bai san miyar wa ake dafawa ba?

Usman Kumasi: Ni abin da nake so mu kiyaye, kada mu ce sharrin na masu digiri ne kawai. Ranar 7 ga Oktoba 2023 an kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, yawancinsu fararen hula, aka tafi da kusan 250, kuma ba da wata manhaja aka yi ba. Bayan nan Gaza ta binne dubun dubata, mata da yara birjik. Cikinsu har da Sufyan Tayeh, masanin kimiyyar fiziks kuma shugaban Jami'ar Musulunci ta Gaza, da aka kashe da iyalinsa a Disambar 2023. Shi ma ai mai ilimi ne.

Malama Zulai, Kano: Tunda gishiri muke, tun kafin wannan yaƙin fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan ƙarƙashin ƙasa a Gaza ba ya shawuwa, teku ta kutso cikin rijiyoyi. Can gefe kuma Isra'ila na tace ruwan teku a Ashkelon, tafiyar 'yan kilomitoci, ta shayar da biranenta. Ilimin cire gishirin yana nan a maƙwabta.

Hajiya Rabi, Maraɗi: To ai kun dawo kan maganata, tausayi ne babu.

Injiniya Auwal, Kaduna: A'a Hajiya, ke kin ce ba ilimi ba ne, ni na ce ilimi ne cikakke. Akwai cibiyar binciken kimiyya ta SESAME a Jodan da aka buɗe a 2017, Isra'ila da Falasɗinu da Iran duk mambobi ne, masanansu na aiki da na'ura guda. Bai hana komai ba.

Malam Sabi'u, Zariya: Na gode ƙwarai. Na karanta mata duka, ban da wurin matar Haber. Ta rubuta amsar da na fara ba ta saboda maki, ta ce sauran za ta tambayi malamar Hausa ranar Litinin. Injiniya, ta ce in tambaye ka ko kulorin ɗin nan shi ne wanda ake sa wa ruwan famfo.

Injiniya Auwal, Kaduna: Shi ne, Malam. A gaishe ta.