Wa ya taɓa haɗa bututun hayaƙi na gasa nama da kansa?

Mai Murhu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na samu buhun ƙwayoyin itace, irin garin katakon da ake matsewa ya zama 'yan ƙananan sanduna masu kaurin kamar milimita 6. Ina so in haɗa abin da zai riƙa cin su a hankali yana ba nama hayaƙi a cikin murhuna mai murfi. Na huda gwangwani na gwada, ko minti 20 bai yi ba ya mutu. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Malam, iska ce ba ta ishe shi ba. Ni ma gwangwanin na fara, sau uku yana mutuwa. Daga baya na sa mai walda ya naɗe min farantin ƙarfe mai huji-huji, wanda ba ya tsatsa, tsawon santimita 30, faɗin 5, ya toshe gefe ɗaya. Ramukan kada su wuce milimita 3, in ba haka ba ƙwayoyin su zube. Cikawa ɗaya tana kai ni kusan awa 4. Kuskurena dai da na bar shi zagayayye, yana ta gangarawa a kan raga, sai da aka liƙa masa ƙafafu biyu.

Uwar Biyu: Ku dai maza komai sai an je wajen walda! Ni tsohuwar rariyar ƙarfe na danna tsakiyarta ta taso, gefe ya zama kwari. Na zuba ƙwayoyin a kwarin, na bar ɗan gibi, na kunna baki ɗaya, wuta ta yi ta zagayawa kamar igiyar leƙo. Ranar da na cika ta da yawa kuwa, wutar ta tsallaka, duka suka kama lokaci guda, cukun da na ɗora ya narke ya bi raga. Cuku ba ya son zafi ya haura digiri 30.

Baban Yara: Hajiya, ai rariyar taki ta fi tawa dabara.

Tsohon Maƙeri: Mai Murhu, wane irin gwangwani ka huda? Yawancinsu akwai shafe a ciki, fenti a waje, duk a naman za su ƙare. Haka ƙarfe mai rufin tutiya irin kwanon rufi, in ya sha wuta tururin da yake fitarwa yana sa zazzaɓi, na ɗanɗana a wajen aiki, ba na fata wa kowa. Ko sabon ƙarfe ne, fara ƙona shi babu komai a ciki, man da ke jikinsa ya fita. Sannan duba buhun. Akwai ƙwayoyin da aka yi don ɗumama ɗaki, ana iya samun itacen fayin mai ƙaro a ciki. Na girki ake nema, na itacen tuffa, ko na itacen hikori in kana son ƙamshi mai ƙarfi.

Batun mutuwa kuma, yaya kake kunnawa? A bar harshen wuta ya ci minti 5 zuwa 10 har garwashi ya kama sosai, sannan a hure. Wanda ya hure da wuri zai sake kunnawa.

Uwar Biyu: Ga laima ma. Suna shan danshi su kumbura su koma gari. Nakan ɗan busar da su a tanda kafin in zuba. Kuma kada ka ajiye shi ƙarƙashin nama, kitse zai ɗiga ya kashe shi ko ya tayar da wuta. Gefe, kusa da ƙofar iska ta ƙasa, ta sama kuma a buɗe.

Mai Murhu: Baba Maƙeri, gaskiya gwangwanin mai fenti ne, na jefar. Jiya na gwada rariya, na busar, na bar wuta minti 8. Awa 3 yana ci. Da fari farin hayaƙi ne mai kauri, da na buɗe ƙofar sama ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi. Kazar ta ɗan yi ɗaci a fata.

Tsohon Maƙeri: Farin hayaƙin nan ne ya ba ka ɗacin. Jira ya sirance kafin ka ɗora nama. Ka tuna kuma hayaƙi kawai abin nan yake bayarwa, ba ya dafawa. Gawayi na gefe, ma'aunin zafi a cinyar kaza, sai ya nuna digiri 74 ka sauke.