Shin Norman Lindsay gwarzon 'yancin alƙalami ne?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na kai yara Faulconbridge, can cikin tsaunukan Blue Mountains da ke yamma da Sidini, gidan Norman Lindsay, mai zane kuma marubuci ɗan Ostareliya, da aka mayar gidan tarihi. Da magana ɗaya na dawo: mutumin nan gwarzon 'yancin alƙalami ne. Littafinsa Redheap ya fito a Landan a 1930, gwamnatin Ostareliya ta hana shigo da shi, ba a ɗage takunkumin ba sai 1958. Shekara 28 ke nan ɗan ƙasa ba shi da ikon karanta labarin garinsu. Laifinsa shi ne ya tona munafuncin dattawan wani ƙaramin gari, wanda kowa ya gane Creswick ne, inda aka haife shi a 1879.

Autar Mama: Tsaya tukuna Yaya. YARA ka kai? Gidan da ko lambunsa gumakan mata ne tsirara? Maman Hanifa ta sani kuwa?

Baban Hanifa: Ke dai bari. Ban san haka lambun yake ba sai da muka shiga. Da sauri na karkata da su wajen ƙananan jiragen ruwan da ya sassaƙa da hannunsa, nan suka ɓata lokacinsu.

Malamar Adabi: Baban Hanifa, na yarda an hana littafin, kuma hanin bai da kan gado. Amma kalmar gwarzo ta yi masa yawa. Tun 1901 Lindsay yake yi wa mujallar Bulletin ta Sidini zanen barkwanci, ya shafe kusan shekara 50 yana yi. Ka san taken da ke saman mujallar a yawancin shekarun nan? Ostareliya ta farar fata ce. Sai a 1961 aka cire shi. A cikin zanensa an yi wa 'yan Sin da Yahudawa da baƙar fata siffa ta wulaƙanci. Kuma a shekarar da ya fara aikin ce aka kafa dokar shige da fice da ake yi wa baƙo shifta cikin harshen Turai da jami'i ya ga dama, don kawai ya faɗi a mayar da shi. Ni da kai da wuya a bar mu mu sauka daga jirgi a zamanin. To 'yancin wa yake karewa? Nasa ne, na zana abin da ransa ke so.

Baban Hanifa: Malama, ai kowa da zamaninsa. Kusan duk 'yan jaridar ƙasar haka suke a lokacin.

Malamar Adabi: Nan fa ka kama kanka. Da aka zo batun tsiraici ka ce ya fi ƙarfin zamaninsa, ya tsaya gaban limaman coci da 'yan sanda bai tanƙwara ba. Da aka zo batun launin fata kuma ka ce zamani ne ya ja shi. Wanda ya iya zana mace a kan gicciye a 1912, malaman Kirista suka yi ca a kansa bai janye ba, ba za a ce tsoron jama'a ya sa shi zagin ɗan Sin ba. Ra'ayinsa ne.

Kawu Na Zariya: 'Ya'yana, ku ƙara da yaƙin duniya na farko. A 1918 ya yi wa gwamnati hotunan kiran samari shiga soja. A ɗaya daga cikinsu ya zana Bajamushe a siffar goggon biri, hannuwa jina-jina, yana rarumar duniya. Sau biyu, 1916 da 1917, aka tambayi mutanen Ostareliya ko a tilasta wa matasa zuwa fagen fama, sau biyu suka ce a'a, shi kuwa alƙalaminsa na ɓangaren masu cewa a tilasta. Sai dai ina yi masa uzuri ɗaya: ƙaninsa Reginald ya mutu a Faransa a 1916. Mai jin zafin rashi ba a auna maganarsa da mudun kowa.

Ɗan Boko: Kawu, ba shi ne kuma ya rubuta Addled Art ba, inda ya ɗora wa Yahudawa laifin lalata fasahar zane?

Kawu Na Zariya: A'a, wannan na wansa Lionel ne, 1942. Gidan nasu masu zane ne da yawa, shi ya sa ake rikita su. Amma Norman ma bai ƙaunar sabon salon zanen Turai ko kaɗan, yana ganinsa ruɓa ce. Ɗansa Jack kuwa ya tafi Ingila a 1926, ya zama ɗan gurguzu, bai sake komawa gida ba.

Baban Hanifa: Duk na ji. To ku gaya mini, wa ya biya kuɗin da ya biya? A 1940 matarsa Rose ta kwashi akwatuna 16 na ayyukansa zuwa Amurka don gudun yaƙi, jirgin ƙasan da ke ɗauke da su a can ya kama da wuta, jami'ai suka ga abin da ke ciki suka ce batsa ce, aka ƙona. Wanda aka yi wa haka ai ya ci a tuna da shi.

Malamar Adabi: A tuna da shi mana, wa ya hana? An cuce shi, ban musa ba. Amma nuna mini inda ya tashi don an toshe bakin wani wanda ba irinsa ba, in ba ka gwarzon.

Autar Mama: Ni dai littafinsa na yara The Magic Pudding na sani, shi ma 1918 ya fito, har yau ana buga shi. Wani dunƙulen abinci ne mai suna Albert, da ƙafafu da baƙar magana, ko nawa aka yanka sai ya koma yadda yake, ga ɓarayi na bin sa. Wai gardama ce ta haifar da shi, abokinsa ya ce yara labarin aljanu suke so, shi ya ce abinci da faɗa suka fi so. A nan kam ya fi abokin sanin yara.

Ɗan Boko: Shekara guda, hannu guda, ya zana wa yara abinci mai ban dariya, ya zana wa yayyensu biri don su je a harbe su.

Baban Hanifa: To na cire gwarzo. Amma haramta Redheap zalunci ne, a nan ba na motsawa.

Malamar Adabi: Ka karanta shi kuwa?

Baban Hanifa: Na yi odarsa, yana hanya.

Autar Mama: Yaya, yanzun nan Hanifa ta turo mini hotunan da ta ɗauka a lambun da wayarka. Ka duba kafin Mamanta ta riga ka.