Wai jirgin cikin gari zai iya kashe gosulo kuwa?

Ɗan_Mararaba:
Salam jama'a, don Allah masana ku taimaka. Ina idar da asuba nake fita daga Mararaba amma wani lokaci sai na kusa awa biyu kafin in shiga Abuja, a Nyanya za ka ga motoci sun yi cirko-cirko, inji na aiki ba motsi, mai na ƙonewa a banza, hayaƙin salansa kuma har ƙirji yake kama min. Ga jirgin ƙasa na cikin Abuja an buɗe tun 2018 amma hanyarmu tana nan yadda take. Waɗanda abin ya yi wa aiki ya suka yi?

Injiniya_Zazzau:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai layin bai biyo ta wajenku ba, filin jirgin sama da Kubwa ya nufa ta Idu. Amma babban abin shi ne ina gidajen suke. In sai ka hau keke sannan ka hau acaɓa kafin ka kai tasha, wallahi mai mota motarsa zai ɗauka. Dubi Kuritiba a Brazil, a 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner suka ware wa bas hanyarta ita kaɗai, sannan dokar gini ta ba da damar dogayen benaye a gefen hanyar, kana nisa da ita benen na raguwa. Sai ya zama gida da shago da ofis duk suna bakin tasha, mutum ya sauko ya taka da ƙafa. Motar da ba a tayar ba ai ba ta hayaƙi.

Maman_Hanif:
Injiniya gaskiya ne, amma ni haya nake ji. Unguwa na samun tasha masu gida za su ƙara kuɗi, talakan da aka yi abin dominsa ya koma bayan gari ya sake shiga gosulo. Haya ce fa ta kai mutane Mararaba tun farko.

Injiniya_Zazzau:
Hajiya kin taɓo inda yake ciwo, dole a ware gidaje masu sauƙi kusa da tashar tun kafin fili ya yi tsada. Kuma gosulon ba lallai ya ɓace ba, hanya na yin sarari wasu za su fito da motocinsu. Legas na da BRT, wato bas mai hanyarta ita kaɗai, tun 2008 kuma har yau ana cunkoso, sai dai wanda ke cikin bas yana wuce su.

Ɗan_Mararaba:
Nagode. Ni ko wannan na samu, in wuce ta gefe in isa ofis ba tari, ya ishe ni wallahi.