Girgizar ƙasar Nepal ta 2015: me ya rushe gidajen, me ya jinkirta sake gini?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Waɗanda suka yi aikin agaji ko gini a Nepal bayan girgizar 25 ga Afrilu 2015, don Allah ku ba mu haske. Ƙarfinta maki 7.8, mutum kusan 9,000 suka rasu, gidaje sama da rabin miliyan suka rushe. Me ya sa ɓarnar ta kai haka, kuma me ya hana a sake gini da wuri?

Injiniya: Wa alaikumus salam. A ƙauyukan gundumomin Gorkha da Sindhupalchok yawancin gidaje dutse ne da laka. Magini na jera dutse fuska biyu, ciki da waje, ya cika tsakiya da tsakuwa. Babu abin da ya ɗaure fuskokin, don haka da ƙasa ta motsa sai bango ya dare gida biyu, kusurwa ta buɗe, rufin dutse mai nauyi ya danno ƙasa. Bangon da ya yi tsini a ƙarƙashin rufi shi ke fara faɗuwa.

Gyaran ba tsada ne da shi ba. Ana sa dogon dutse mai ratsa kaurin bango, duk santimita 60 a tsaye, duk mita 1.2 a kwance. Sannan ɗamara ta zagaye gidan gaba ɗaya a wuri huɗu: saman harsashi, ƙasan taga, linta, da gindin rufi. Da kankare da rodi ake yi, inda babu siminti a yi da katako. Kuskuren da ya fi yawa a kusurwa yake: a yanke rodi a nan maimakon a lanƙwasa shi ya shige ɗaya bangon. Ɗamarar da ba ta haɗe a kusurwa ba, aikin banza ce. Ƙofa da taga kuma kada su matso kusurwa ƙasa da santimita 60.

Hajiya mai jinya: Injiniya, sannu da ƙoƙari. Ƙari ɗaya: ranar Asabar ce, ranar hutunsu, makarantu a rufe, da tsakar rana mutane na gona. Da cikin dare ne, Allah kaɗai ya san adadi. A fanninmu, wanda gini ya danne wa ƙafa na sa'o'i ana sa masa ƙarin ruwa tun kafin a ɗage nauyin, in ba haka ba dafin tsokar da ta mutu ya kashe ƙoda. Raunin da ƙasa ta shiga a wanke shi sosai, kada a yi saurin ɗinkewa, a ba da rigakafin tetanus. Maɓuɓɓugan ruwa da dama sun ƙafe ko sun sauya wuri, ga ma'aunin da masu agaji ke bi lita 15 ga mutum a rana.

Mai jigila: Hajiya, kayan ma isarsu aiki ne. Filin jirgin Tribhuvan da ke Kathmandu titi ɗaya gare shi, har aka hana manyan jirage sauka saboda titin ya fara lalacewa. Daga nan mota, inda zaftarewar ƙasa ta toshe hanya sai alfadarai da 'yan dako ko jirgi mai saukar ungulu. Wata girgizar ta 12 ga Mayu, mai maki 7.3, ta ƙarasa bangayen da suka tsage. Tanfol ba ya jure daminarsu da ke farawa a Yuni. Kwano da ƙusa da waya sun fi amfani, don daga baya kwanon ya koma rufin sabon gida.

Malamin tsare-tsare: Jinkirin kam siyasa ce. Bayan yaƙin 'yan Mao, wato 'yan tawayen kwaminisanci, na 1996 zuwa 2006, ba a sake zaɓen ƙananan hukumomi ba sai 2017. Cikakken zaɓe na ƙarshe tun 1997 ne. Ke nan lokacin girgizar babu zaɓaɓɓen kansila da zai ce gidan wane ya rushe, shi ya sa jerin sunaye ya cika da ƙorafi. A watan Satumba 2015 aka ƙaddamar da sabon kundin tsarin mulki, 'yan Madhesi na kudu suka yi zanga-zanga, mashigar garin Birgunj da ke kan iyaka da Indiya ta toshe har Fabrairu 2016. Fetur da gas ɗin girki suka yi wuya, motocin siminti suka tsaya, mutane suka yi sanyin hunturu a rumfar kwano. Hukumar sake gini sai Disamba 2015 ta kafu.

Injiniya: Haka ne, Malam. Tallafin gwamnati na sake gina gida, rupi 300,000, kashi uku aka riƙa biya: 50,000, sai 150,000 bayan an duba harsashi, sai 100,000. Wanda ba shi da takardar mallakar fili ya daɗe bai samu ko kashin farko ba. Wanda kuma ya gaji da jira ya yi gini irin na da, babu ɗamara, in mai duba ya zo sai a riƙe masa sauran kuɗin har ya gyara.