Tukunyar gas a wurin taro: ku ina kuke ajiye taku?

Ɗan kwamitin masallaci, Mabera: Assalamu alaikum. Bana da gas za mu dama kunun buɗa-baki, an kawo tukwane biyu masu kilo 12.5. Wasu sun ce a kulle su a ɗakin tabarmi, daf da ƙofar mata. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Mai girkin biki, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Malam, kada ku kuskura. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa, ba ya tashi sama. Wani biki da munka yi girki, tiyo ya tsage ta ƙasa, mu da ke tsaye kan girki ba mu ji komi ba. Wata yarinya ce ta duƙa neman takalminta bakin kwata, ta ce tana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Nan take anka rufe kan tukunyar gas, anka janye mata da yara. Ga masu turaren wuta suna ta yawo da kasko! Yanzu kafin in kunna sai na shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da kan tukunya, in ya yi kumfa akwai yoyo.

Mai ɗura gas, Arkilla: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙarin da zan yi, zafin Sakkwato. A Afrilu yana haura digiri 40, gas kuma kumbura yake yi in ya sha zafi, shi ya sa ake barin sarari a sama. Amma kullum sai an yi rigima da ni, wai in cika taf. Ku sa tukunyar a inuwa, inda iska ke ratsawa, a tsaye. Banda kwantar da ita, banda girgizawa don jin ko da saura.

Tsohon ma'aikaci, Gawon Nama: Ina Kaduna a Janairun 2020 lokacin da shagon gas ya fashe a Sabon Tasha. Har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, cikin waɗanda suka rasu, shi da ba gas ya je saya ba. Ɗurawa daga tukunya zuwa tukunya a bakin hanya laifi ne. Ku sayi naku wurin mai lasisin NMDPRA, hukumar gwamnati mai sa ido kan sayar da mai da gas.

Mai shayi, Tsohuwar Kasuwa: Ku raba ta da janareta da mai tsire. In kun ji wari, ko makunnin lantarki kada a taɓa.

Ɗan kwamitin masallaci, Mabera: Allah ya saka da alheri. Za mu sa a yi mana kejin ƙarfe a bayan katanga, gefen da jama'a ba sa fita. Hajiya, na'urar kashe gobara wace iri kike ajiyewa, mai hoda?